Zancen Zango: Sa Hannu ko Dangwala Yatsa?

Yau maganarmu a kan sa hannu ce. Sau da yawa dattijo malami, mai almajirai cike da zaure, zai je banki a Kumasi ko Tamale, ma'aikaci ya dubi rawaninsa kawai ya turo masa tawada, wai ya dangwala yatsa tunda bai yi boko ba. Alhali bawan Allahn nan yana rubuta sunansa da ajami tsaf, rubutun da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi waƙoƙinsa na Hausa da shi. To, ina jahilci a nan? Sa hannu fa ba sai da Turanci ba, alama ce taka wadda ba ka canzawa. Mai ajami ya dage a bar shi ya sa hannunsa.

Wanda kuwa bai iya ko ɗaya ba, dangwala yatsa ba abin kunya ba ne, sai dai a yi hattara, musamman da takardar fili. Dokar Gana ta 1912 mai kare waɗanda ba su iya karatu ba ta wajabta wa marubucin takarda ya karanta maka ita, ya yi maka bayaninta, ya kuma sa sunansa a jiki. In ya ƙi, Baba, ka janye yatsanka, ka aika a kira ɗanka mai boko.