Sharhi: Damuwa da Shawarar Magani a Zongon Lome



Tun da aka rushe tsohon Zongo a shekarar 1977 aka mai da jama'a Agoe, nisa ya shiga lissafin kowane magidanci. Zuwa babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin yana cin kuɗin zemijan (acaɓa), ya ci wuni guda, ga ciniki an bari. Ga kuɗin haya, ga na makaranta, ga direba yana jiran lodi a tashar manyan motoci mako bayan mako. A cikin wannan hali ne mutum ke yanke shawarar yadda zai yi da ciwon kansa.

Wasu na cewa jahilci ne ke kai mutanenmu wurin mai tallan ƙwaya. Ba haka ba ne. Alhajin da ke riƙe da lissafin miliyoyin sefa a ka ya san hawan jini sarai. Abin da ke faruwa shi ne, idan damuwa ta daɗe, jiki yana ta sakin sinadarin kotisol, barci ya ragu, haƙuri ya ƙare, hankali ya koma kan abin da zai kawo sauƙi yanzu-yanzu. Sai a sayi tiramol a bakin titi, a ce "bari in samu in tashi tukuna." Mai hawan jini kuwa, da ya ji dama-dama sai ya ajiye maganinsa, alhali cutar ba ta sallama kafin ta kayar da mutum.

A Janairun 2020, a nan Lome, shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka yi alkawarin yaƙar jabun magunguna. Madalla. Amma yarjejeniya ba ta biyan kuɗin awo.

Don haka kada a jira sai ciwo ya kama. Tun ana lafiya a tsai da ranar awon jini, a sa ta kusa da abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar Juma'a. Uwar adashi ta ware zubin magani daban. Gishiri kada ya kai giram 5 a wuni, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.

Malamanmu da sarakunan Zongo, ku gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa auna jinin jama'a a harabar masallatai.