Wayar Kaka Amana Ce

"Kai yaro, zo ka kunna mini ƙwallon nan." Da wuya a samu ɗalibi daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa da bai taɓa jin wannan kira a gida lokacin hutu ba. Dattawanmu sun riga mu sanin ƙwallo. Wasunsu sun saurari wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980 a rediyo, ranar da Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 a Legas. Wasu kuma suna ba da labarin Raccah Rovers tun kafin a kafa Kano Pillars a 1990. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, hayaniyar gidan kallo kuma ba ta dace da girmansu ba, sai waya.

Amma sau da yawa idan an danna, sai a ga sanarwa cewa ba a nuna wasan a ƙasarmu. Dalili shi ne ana sayar da izinin nuna wasanni yanki-yanki. Tashar da ta saya don Ingila ko Faransa ba ta da izinin nuna wa mai kallo a Najeriya. Nan ne wasunmu ke garzayawa su sauke manhajar VPN, wadda ke sa wayar ta zama kamar a wata ƙasa take. Yayyenmu da yawa sun koyi amfani da ita lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Ra'ayinmu shi ne: mu taimaki Kaka, amma kada mu mayar da wayarsa wurin gwaji. A cikin wannan wayar ake turo masa kuɗin masara ko shinkafar da ya sayar, kuma ta nan saƙon banki ke shigowa. Duk abin da ake yi a intanet yana bi ta hannun mai VPN, mu kuwa ba mu san ko wane ne ba. Masu bayarwa kyauta suna neman riba ta hanyar talla ko tattara bayanan mutane. Shafukan da ke satar wasa kuma cike suke da tallan caca da hotunan da ba ma so dattijo ya gani a gaban jikokinsa. Wa zai ɗauki wannan kunyar?

Akwai kuma batun aljihu. VPN yana rage saurin intanet, alhali dama sabis yana ɗaukewa a ƙauyuka da dama. Wasa ɗaya na iya cinye kusan gigabait guda na data. Idan aka manta ba a kashe shi ba, manhajar banki na iya ƙin buɗewa. Ban da haka, tsallake shingen ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin tashoshin.

Saboda haka muna ba 'yan uwanmu ɗalibai shawara uku. Na farko, a fara duba ko NTA ko wata tasha mai izini tana nuna wasan, ko akwai sharhinsa a rediyo. Na biyu, kada a sa wa babba wata manhaja sai an yi masa bayani da Hausa ya amince, kuma wani babba a gidan ya sani. Na uku, kada a kunna a tafi. A zauna tare, a karanta masa sunayen 'yan wasa, a saurari labarin na da.

Muna kuma roƙon malamanmu na kwamfuta da su ware mana darasi ɗaya a kan tsaron waya, domin mu ne ake miƙa wa wayoyin gida. Kaka ya ba mu tasa ne saboda ya yarda da mu. Idan wasa ya wuce, za a buga wani mako mai zuwa, amma kuɗin amfanin gona idan suka salwanta sai wata kakar.