Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Yau ku yi mini haƙuri, labarin soyayya zai ɗan jira, domin akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Wani abokina ne ya zo mini da ƙorafi, wai ya aika gyara ga wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya duba cikinta ya ba da gudummawa, sai masu kula da ita suka dawo masa da aikinsa, suka ce sai ya haɗo da gwaji. Ya ce girman kai ne, ai kyauta yake yi. Na ce masa kyauta ba ta wanke ganganci. Rijiyar unguwa ta kowa ce, shi ya sa ba a barin kowa ya zura guga mai datti.

Ga OpenSSL nan, manhajar da ke tsare sirrin mutane a intanet. A ranar ƙarshe ta 2011 aka shigar mata da wani ƙari, mutum ɗaya ya duba, ya wuce da shi. Kuskuren ƙarami ne, an manta a sa ta auna tsawon saƙo kafin ta ba da amsa. Sai a Afrilun 2014 duniya ta sani, aka raɗa masa suna Heartbleed. Kimanin rabin miliyan na shafukan intanet ƙofarsu a buɗe take, har aka sace bayanan mutum 900 a hukumar haraji ta Kanada.

Shi ya sa ban ga laifin Greg Kroah-Hartman ba da ya hana Jami'ar Minnesota aika gudummawa ga Linux a 2021, bayan masu bincikenta sun tura gyara mai aibi da gangan don su gwada masu dubawa. Wasu sun ce hukuncin ya yi tsauri, ya haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Haka ne. To amma masu dubawar nan, da yawansu lokacin barcinsu suke ba mu. In aka bari ana wasa da amanarsu, wa zai zauna gadin?

Doka dai ta hau kan kowa, baƙo da ɗan gari, kuma a faɗe ta cikin ladabi. Kai kuma abokina, koma ka rubuto gwajinka. Ko littafi ma, wanda bai bi ta hannun edita ba, tun daga shafin farko ake gane shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.