A Daina Kiran Komai "Ƙwaƙwalwar Kwamfuta"

'Yan uwa marubuta, wannan lalaci ya isa haka. Duk wanda ya tashi rubutu kan kwamfuta sai ya jefo mana "ƙwaƙwalwa" ya wuce. Firosesa ƙwaƙwalwa, RAM ƙwaƙwalwa, har ma'ajiyar bayanai ƙwaƙwalwa!

A ce ka rubuta cewa an ƙara wa saba ƙwaƙwalwa, wato babbar kwamfutar nan da ke ɗauke da shafukan intanet. Me aka ƙara? Firosesa, irin su Xeon ko EPYC, shi ne ma'aikacin. RAM teburin aikinsa ne, wuta na ɗaukewa duk abin da ke kai ya goge. In teburin ne ya yi kaɗan, ko ka kawo ma'aikaci mai zafin nama, zaman jira zai yi. Kuma kowanne da ƙa'idarsa. DDR5 ba ya shiga ramin DDR4. A saba mai gurbin firosesa biyu, ramukan RAM na gefe na biyu ba sa aiki sai an saka firosesan gefen.

Wai Hausa ba ta da kalmomi. Harshen da ya bambanta rumbu da taska? Haba! Ranar da mai karatu ya dogara da rubutunka ya sayo abin da bai shiga ba, kuɗinsa ne suka salwanta, ba naka ba.