Allo Ya Dawo Hannun Ɗalibi

Tun daga 2013 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, garin Kalgo ya cika da ɗalibai, kowa da wayarsa a aljihu, masu hali kuma da kwamfutar cinya a jaka. To, ga wata na'ura ta uku ta shigo, wato kwamfutar allo, wadda ɗalibai ke kira tabalet. Sau da yawa kyautar wani yaya ce ko kawu. Akan yi ɗokinta mako guda, daga nan ta koma abin kallon fim, ko ta kwanta ƙarƙashin katifa. Masu cewa almubazzaranci ce suna da hujja, domin kusan duk abin da take yi, waɗancan biyun suna yi.

Amma ɗalibin Hausa bai kamata ya yi saurin bin wannan ra'ayi ba, musamman da yake Gwandu na kusa da shi. A can Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami, ya zauna har rasuwarsa. Gidajen malaman ƙasar Gwandu ba su rasa tsofaffin takardu cikin gafaka, na Larabci da na ajami, ga kuwa gara da damina ba su san darajar rubutu ba.

A nan ne allon ya fi 'yan'uwansa. Fuskar waya ta yi ƙanƙanta ga shafin ajami. Kafin mutum ya faɗaɗa kalma guda ya rarrabe wasalinta, baitin ya ɓace masa, shi kuwa ajami ba ya karantuwa sai da abin da ya gabata. Kwamfutar cinya tana da faɗi, sai dai tana son tebur, tana shan wuta, kuma maɓallanta ba su san ɗigon imala ba, balle ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, sai an yi musu dabara. Allon kuwa yana ɗaukar shafi sukutum, a sa alƙalaminsa a juya baiti zuwa boko a gefe, a ɗora alamar karin sauti da hannu.

Akwai kuma zancen ladabi, wanda ba a cika kula da shi ba. Yaron da ya duƙufa kan waya a zauren malami, kallon marar tarbiyya za a yi masa, ko da aiki yake. Wanda ya buɗe kwamfuta ya kafa shinge tsakaninsa da dattijo. Allo fa? Bisa gwiwa ake ɗora shi, a miƙa wa malam ya duba ya gyara, kamar yadda aka saba tun a makarantar allo.

Sai dai takardun nan gadon mutane ne. Ba a ɗaukar hotonsu sai da yardar mai su, kuma wajibi ne a rubuta sunan gidan da ranar ɗauka, a ajiye kwafi a kwamfutar cinya tun kafin allon ya faɗi ya fashe a hanyar komawa Kalgo.