A Duba Maɓalli, Ba Fitila Ba

Duk wanda ya shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja zai ga samarinmu suna rububin allon rubutu na kwamfuta mai fitilu kala-kala. Wannan kuskure ne, domin fitila ba ta buga takarda.

Abin dubawa shi ne maɓallin da ke ƙarƙashin kowane harafi. Allo mai araha shimfiɗar roba guda ce a cikinsa, in ta gaji sai a jefar. Mai inji kuwa kowane harafi da nasa maɓallin, irin wanda kamfanin Cherry na Jamus ya fito da shi tun shekarun 1980, kuma ana iya sauya wanda ya lalace kaɗai.

Shuɗin maɓalli yana ƙara kamar tafireta. Ya dace da akawu, amma a ɗakin haya na mutum biyar fitina ne. Ja laushi gare shi, shi 'yan wasa suka fi so. Ruwan ƙasa kuwa tsaka-tsaki ne, shi ya kamaci mai aikin biyu.

Saboda haka mai saye ya danna ya ji kafin ya biya. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.