Na'urar bibiyar sukarin jini: inganci da tsadarta a arewacin Zamfara

Na'urar bibiyar sukarin jini, wadda likitoci ke kira CGM a taƙaice, ƙaramar na'ura ce da ake mannawa a bayan damtse ko a kan ciki domin ta riƙa auna yawan sukarin da ke jikin mutum dare da rana, ba sai an huda yatsa kowane lokaci ba. A ƙasashen Turai da Amurka ta shiga sahun kayan yau da kullum na masu ciwon sukari, musamman masu yin allurar insulin. A garuruwa irin su Moriki, da ke ƙaramar hukumar Zurmi a arewacin Jihar Zamfara, batun na'urar ya ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu: ko ana iya dogara da awonta a yanayin zafi da ƙarancin wuta, da kuma ko mara lafiya zai iya biyan kuɗinta wata bayan wata.

Yadda take aiki

Na'urar tana da sensa mai faɗin kwabo, wadda ke ɗauke da wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Zaren ba ya taɓa jini. Abin da yake aunawa shi ne sukarin da ke cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, sannan a tura sakamakon zuwa wayar salula ko wata 'yar na'urar karantawa. Wasu nau'o'in suna bayar da awo kowane minti biyar, wato sau 288 a kwana ɗaya, wasu kuma kowane minti ɗaya. Ban da lamba, allon yana nuna kibiya mai bayyana ko sukari hawa yake yi ko sauka, kuma yawancinsu suna yin ƙara idan ya faɗi ƙasa sosai. A yawancin nau'o'in, sensa ɗaya tana aiki na kwana 10 zuwa 15, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, daga nan sai a cire a jefar a manna sabuwa.

Tarihi

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar farko irin wannan a shekarar 1999, wadda kamfanin MiniMed ya ƙera. A lokacin likita ne kaɗai ke duba sakamakon bayan an cire ta. Kamfanin Dexcom ya fitar da tasa a 2006, sannan Abbott ya kawo FreeStyle Libre kasuwar Turai a 2014, Amurka kuma ta amince da ita a 2017. A 2019 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka cimma matsaya cewa ga yawancin masu ciwon, abin da ake so shi ne sukari ya tsaya tsakanin 70 da 180 mg/dL a fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci. A 2022 aka ba da shawarar a samar da na'urar ga duk mai ciwon sukari nau'i na ɗaya a Ingila ta hannun hukumar lafiyar ƙasar, a 2024 kuma Amurka ta ba da izinin sayar da wasu nau'o'in ba tare da takardar likita ba.

Ingancin awo

Ana gwada ingancin na'urar ne ta hanyar kwatanta awonta da na ɗakin gwaje-gwaje. Sababbin nau'o'in suna kaucewa da kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari a matsakaici. Ma'ana, idan ainihin sukarin mutum 100 ne, tana iya nuna 91 ko 109. Wannan bambanci ba ya cutarwa a tsakiyar ma'auni, amma yana da nauyi idan sukari ya kusa 70, inda ake fara shiga haɗarin jiri, gumi, rawar jiki da suma. Kuma tun da matsakaici ne, awo ɗaya yana iya kaucewa fiye da haka.

Matsala ta biyu ita ce jinkiri. Sukarin ruwan jiki yana bin bayan na jini da minti biyar zuwa goma sha biyar. Manomin da ya yi allura da safe ya shiga gona yana huɗa, sukarinsa na iya faɗuwa da sauri alhali allon yana nuna lambar da ta riga ta wuce. Haka kuma wanda ya kwanta a kan hannun da sensar take, tana iya nuna faɗuwar sukari ta ƙarya cikin dare. Saboda haka kamfanonin da kansu suke cewa a huda yatsa a tabbatar duk lokacin da abin da mutum ke ji a jikinsa ya saɓa wa abin da na'urar ta nuna. Wanda ya sayi CGM bai rabu da tsohuwar na'urar awo da tsinkayenta ba.

Kuskuren masana'anta ma yana faruwa. A watan Yulin 2024 Abbott ya janye wani rukuni na sensar FreeStyle Libre 3 a Amurka saboda suna nuna sukari sama da yadda yake. A watan Nuwamban 2025 kamfanin ya sake fitar da sanarwa a kan wasu sensoshi kimanin miliyan 3 a ƙasar, waɗanda ke iya nuna sukari ƙasa da yadda yake. Kuskure ta kowane ɓangare haɗari ne: wanda ya ga lamba mai yawa zai ƙara insulin, wanda ya ga ƙarama zai sha zaƙi ko ya tsallake allura. A inda aka sayi sensa ta hannun kamfani, ana sanar da mai ita kuma a musanya masa. Wanda ɗan uwa ya kawo wa tasa a jaka daga waje, ko ya saya a shagon intanet, zai yi wuya sanarwar ta same shi.

Yanayin wuri da magunguna

Kamfanonin suna neman a ajiye sensar da ba a buɗe ba a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wasu ma ƙasa da haka. A arewacin Zamfara zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40, firji kuma sai da wuta. Gumi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe sensar, kuma idan ta ɓalle kafin kwanakinta su cika ba a mayar da ita. Ƙarancin ruwa mai tsanani a jiki shi ma yana dagula awo.

Akwai magungunan da ke ruɗar da sensar. Sinadarin bitamin C mai yawa yana sa wasu nau'o'in FreeStyle Libre su nuna sukari sama da gaskiya. Maganin hydroxyurea, wanda ake ba masu ciwon sikila, yana yin haka ga na'urorin Dexcom. Wannan yana da muhimmanci a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na kimanin wata uku, ba abin dogaro ba ne ga masu sikila da masu ƙarancin jini, don haka su ne suka fi buƙatar wata hanyar bibiya.

Tsada

Kuɗin na'urar ba na sau ɗaya ba ne. Wanda ke amfani da sensa mai kwana 14 yana buƙatar guda 26 a shekara. Lokacin da aka fara sayar da nau'o'in da ba sa buƙatar takardar likita a Amurka a 2024, Stelo ta Dexcom tana dala 99 a kan guda biyu, Lingo ta Abbott kuma dala 49 a kan ɗaya. Idan aka ƙaddara dala 50 ga kowace sensa, aka canza a kan naira 1,500, ɗaya ta kama naira 75,000, shekara kuma naira miliyan 1.95, ban da kuɗin shigowa da ribar mai sayarwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Albashin wata guda ke nan bai sayi awon mako biyu ba.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula lissafin. Kafin watan Yunin 2023 ana canza dala a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A shekarar 2023 ɗin ne kamfanonin magunguna na GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da kayansu kai tsaye a Najeriya, suka miƙa wa dillalai. Sanofi yana cikin manyan masu yin insulin a duniya. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa.

Halin da ake ciki a Moriki da kewaye

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. Wani nazari da likitocin Najeriya suka wallafa a 2018 ya kai adadin kimanin miliyan 11, inda shiyyar arewa maso yamma ta fi kowace ƙarancin kaso.

Moriki tana kan hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, yankin da hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane suka addaba shekara da shekaru. Asibitocin da ke da ƙwararrun likitoci suna Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, sai asibitocin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Aminu Kano a Kano. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Shinkafi da Zurmi, amma ƙarfinta ya fi karkata ga yara masu tamowa. A farkon 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiyar jihar.

A irin wannan wuri na'urar tana da amfanin da ba ta da shi a birni. Tana iya aika sakamako ga likita ta intanet, ta rage wa mara lafiya bin hanya mai haɗari. Ƙararta tana iya tayar da uwa cikin dare kafin yaronta ya suma, a garin da babu fita neman asibiti bayan magariba. A watan azumi kuma tana taimaka wa mai ciwon ya san lokacin da ya kamata ya sha ruwa, domin ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan sukari ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300. Sai dai duk wannan yana buƙatar babbar waya, caji da sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Sensa da na'urar karantawa suna ci gaba da aiki ba tare da sabis ba, amma hanyar da ke haɗa mara lafiya da likitansa ta yanke.

Muhawara

Masu goyon bayan yaɗa na'urar suna cewa tsadarta ba ta kai ta wankin ƙoda, yanke ƙafa ko makanta ba, waɗanda su ne ƙarshen sukarin da ba a kula da shi. Suna kafa hujja da gwajin da aka yi a gundumar Neno ta ƙasar Malawi, wanda ya nuna cewa masu nau'i na ɗaya a karkara suna iya amfani da ita idan ma'aikatan asibiti sun tsaya musu.

Masu ganin a yi hattara suna cewa kuɗin sensar mutum ɗaya na shekara zai sayi insulin da tsinken gwaji ga mutane da dama. Burin da Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 shi ne kafin 2030 a gano kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon, kuma duk mai nau'i na ɗaya ya samu insulin da abin auna sukari a farashi mai sauƙi. Mai huda yatsa sau huɗu a rana yana buƙatar tsinke 120 a wata, kuma wannan ma ya gagari iyalai da yawa.

Akwai matsaya ta tsakiya, wato asibiti ya ajiye sensa kaɗan, a manna wa mara lafiya na mako biyu sau ɗaya ko biyu a shekara, likita ya duba yadda tuwo, fura ko kunu ke ɗaga sukarinsa, ya gyara masa awon allura. Waɗanda ake sa wa a gaba su ne yara masu nau'i na ɗaya, mata masu juna biyu, da waɗanda sukarinsu ke faɗuwa ba tare da sun ji alama ba. Ga wanda zai saya da kansa, likitoci suna ba da shawarar ya tabbatar da rajistar hukumar NAFDAC, ya duba ranar ƙarewar aiki, ya tambayi yadda aka ajiye sensar, kuma kada ya sauya yawan insulin ɗinsa sai da sanin likita.

Duba kuma

Ciwon sukari
Insulin
Ciwon sikila
Zurmi